Tambaya da Amsa: Mawaƙan yankinmu sun sauya kiɗa, shin sun juya mana baya ne?

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Malam. Ina rubuto maka ne daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Ringim, Jihar Jigawa. Akwai wasu samari mawaƙa a yankinmu waɗanda ba su da ubangida kuma ba sa ƙarƙashin kowane kamfani, kuma muna tare da su tun suna wasa a gidajen biki da gurmi da kalangu, suna waƙar noma da cin rani da soyayya irin ta mutanen karkara. Tun da suka fara zuwa situdiyo a Kano abubuwa suka sauya, domin fiyano ya maye gurbin gurmi, muryoyinsu sun koma kamar na na'ura, waƙoƙin kuma sun gajarce. Majalisarmu ta rabu biyu, har wasu sun goge waƙoƙinsu daga memori suna cewa sun sayar da kansu, ƙannenmu kuwa suna cewa yanzu ne ma suka iya waƙa. Shin wannan cin amanar masoya ne?

Daga wani mai karatu, Ringim.

AMSA

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Na fahimci ɓacin ranka, domin wanda ya san mawaƙi tun ba a san shi ba yakan ji cewa yana da haƙƙi a kansa, kuma ban ga laifin hakan ba. Sai dai kalmar cin amana ta yi nauyi a nan.

Wannan rigima ba a Ringim ta fara ba. A Ingila, cikin shekarun 1980, an yi ƙananan ƙungiyoyin mawaƙa da ke fitar da faifansu ta hannun ƙananan kamfanoni masu zaman kansu, kuma idan ɗaya ta ƙulla da babban kamfani, sautinta ya ƙara gogewa, sai tsofaffin masoya su zarge ta da abin da abokanka suke faɗa. A Amurka ma, a watan Yulin 1965, mawaƙi Bob Dylan ya hau dandali a bikin waƙoƙin gargajiya na Newport da gita mai amfani da lantarki, wani ɓangare na masu kallo ya yi masa ihun rashin amincewa. Shi ne kuma aka bai wa kyautar Nobel ta adabi a 2016, kuma saboda baitocinsa aka ba shi, ba saboda irin gitar da ya riƙe ba.

Kafin a yanke wa samarin nan hukunci, ya kamata a duba abin da ya tura su. Ƙungiya mai makaɗa da 'yan amshi tana cin kuɗin mota da abinci, sannan a raba ɗan abin da aka liƙa, alhali a situdiyo mutum ɗaya da fiyano da kwamfuta yana haɗa ganga da jita da sarewa a zama guda. Waƙar da mai shagon caji yake tura muku cikin waya kuwa, shi ne yake karɓar kuɗin turin, ko sisi ba ya isa hannun mawaƙin. Inda suke sa ran samun wani abu shi ne YouTube da Audiomack da gayyatar da suna yake jawowa, shi kuwa suna a yau yakan faro ne daga guntun amshin da aka ɗora a TikTok. Dalilin gajarcewar waƙoƙin ke nan. Wannan rikiɗa ma ta girme su, tun da fiyano ya mamaye situdiyoyin Kano tun ƙarshen shekarun 1990, lokacin da waƙoƙin fina-finai suka yi ƙarfi.

Amma ba ina cewa kukanku ba shi da tushe ba ne, kuma a nan nake son ka tsaya da kyau. Hausa harshe ne mai karin sauti, inda hawa da saukar murya da tsawon wasali suke bambanta ma'ana, kuma kayan kiɗanmu a kan haka aka gina su. Mai kalangu yana matse igiyoyinsa a hammata yana sassautawa domin sautin ya bi maganar mawaƙi, shi ya sa mai sauraro yake jin abin da kalangu yake faɗa. Da haka Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya riƙe jama'a shekaru da dama, kamar yadda Ɗan Maraya Jos ya yi da kuntigi mai tsirkiya ɗaya. A wajensu magana ce a gaba, kiɗa yana biye da ita. Manhajar Auto-Tune, wadda ta fito a 1997, aikinta shi ne ta ja murya zuwa ga sauti mafi kusa a ma'aunin da aka saita mata. Idan mai haɗa sauti ya yi amfani da ita kaɗan, gyara ce kawai. Idan kuma ya ƙure ta, sannan aka tilasta wa baiti bin bugun da aka riga aka tsara, sai a gutsure dogon wasali, a karkatar da karin kalma, har Bahaushe ya kasa gane abin da ake rerawa da harshensa. A ganina wannan ita ce asarar da ta cancanci ƙorafi, ba rashin ganin gurmi ba.

Saboda haka ina ba ka shawara ka ɗauki tsohuwar waƙarsu ɗaya da sabuwa ɗaya ka saurara a natse, ka rubuta baitocin a takarda. Idan har yanzu akwai azanci da habaici mai ma'ana, kuma manomin Ringim zai ji rayuwarsa a ciki, to mawaƙanku suna nan, riga kawai suka sauya. Idan kuwa ka tarar da amshi ɗaya ake ta nanatawa, da kalmomin soyayyar da kowa yake yi, to kana da hujjar da za ka faɗa musu. Ka kuma bar ƙannenku su so abin da suka tashi da shi, domin kunnensu da fiyano ya saba.

Tun da 'yan yankinku ne, ba sai kun bi su da zagi a Facebook ba. Ku same su cikin mutunci, ku gaya musu waɗanne waƙoƙi kuke kewa da dalilinku. Bayan kaka, lokacin da bukukuwan aure suke yawaita, duk wanda zai gayyace su daga majalisarku ya nemi su zo da mai gurmi da mai kalangu, kuma a yanke kuɗin makaɗan daban tun kafin ranar biki.