Malamin ajinmu ya ce a ajiye maganin asibiti, yanzu ƙanwata ba ta barci

Tambaya: Salama, Baba Fasto. Ni ce sakatariyar Zumuntar Mata a ikkilisiyarmu. Wata huɗu ke nan ina zuwa wani ajin manya na ranar Asabar, ana koya mana binciken Littafi Mai Tsarki da ba da shawara, an ce bayan wata shida za a ba mu takardar shaida. Malaminmu ya koyar cewa taɓin hankali aikin aljanu ne, mai shan maganin asibiti kuma aljanin yake ciyarwa. Ƙanwata ta shekara biyu tana shan magani, ta samu sauƙi har ta koma ɗinkinta. Ni da bakina na ce ta ajiye ƙwayoyin mu shiga azumi. Yau sati uku. Ba ta barci, tana magana ita kaɗai, shekaranjiya cikin dare ta fita ba takalmi. Malam ya ce alamar aljanin yana fita ne, mu ƙara kwana bakwai. Hankalina bai kwanta ba. In na mai da ita asibiti na yi rashin bangaskiya ke nan? Kuma in ci gaba da ajin?

Amsa: Salama, 'yata. Ki kai ta asibiti yau, kada ki jira Asabar, kada ki nemi izinin malaminku. Asibitin da ya rubuta mata maganin ya fi, domin can fayil ɗinta yake. In ya yi nisa, kowane babban asibiti mai sashen ƙwaƙwalwa zai karɓe ta, kuma akwai na tarayya da aka keɓe don wannan a Barnawa cikin Kaduna, da Kware kusa da Sakkwato, da Maiduguri. Ki tafi da katinta da kwalin maganin, ki faɗa wa likita ranar da ta daina sha, kada kunya ta sa ki rage ko kwana ɗaya. Kada ki ɗebo ƙwayoyin ki ɗura mata da kanki don ramuwa, likita ne zai ce yadda za a koma. Kafin ku isa, a ba ta abinci da ruwa, azumin nan ya ƙare. Kada a bar ta ita kaɗai, a kawar da wuƙa da igiya da maganin ƙwari daga ɗakin. Ba duka, ba ɗauri.

Abin da kike gani ba aljani ne ke fita ba. Ciwon da magani ya danne shekara biyu ne ya dawo.

Yanzu bari in tsaya a kan koyarwar nan, don na gaji da ita. Shekarun da na yi ina koyar da ba da shawara a makarantar Baibul, ba zangon da ke wucewa ban gamu da ɗalibin da ya zo da ita a ka ba, kuma kullum da aya ɗaya a hannu, labarin yaron nan na Markus 9 wanda ruhu ke kayarwa cikin wuta da ruwa. Ban musa wannan labari ba. Na gaskata akwai aljanu, na gaskata Ubangiji Yesu ya fitar da su. Amma wanda ya ce yana koyar da binciken Littafi Mai Tsarki dole ya karanta littafin duka. Ki buɗe Matiyu 4:24. Da ake lissafa waɗanda aka kawo wa Yesu, an ambaci masu aljanu dabam, masu farfaɗiya dabam, shanyayyu dabam. Matiyu ya raba su, to da wane iko malaminku ya haɗe su a tukunya ɗaya?

Ki duba Iliya a 1 Sarakuna 19. Annabin da ya kira wuta daga sama a Dutsen Karmel, ga shi zaune ƙarƙashin itace yana roƙon Allah ya ɗauki ransa. Mala'ikan da aka aiko bai tsawata wa wani ruhu ba, bai kuma ɗora masa azumi ba. Ya tashe shi ya ba shi waina da ruwa, ya bar shi ya sake kwanciya, ya sake tashe shi ya ci. Abinci da barci, abubuwa biyun da aka hana ƙanwarki sati uku. Sarki Hezekiya kuwa, bayan Allah ya riga ya ce zai warkar da shi, Ishaya ya sa aka ɗora masa curin ɓaure a kan marurun, yana nan a 2 Sarakuna 20:7. Alkawarin Allah da magani a babi ɗaya, ba wanda ya kori wani. Bulus, wanda Allah ya warkar da mutane ta hannunsa, yana yawo da Luka, ya kuma kira shi ƙaunataccen likita.

Abin da ya fi ba ni takaici ma shi ne Littafi Mai Tsarki na Hausa da malaminku ke ɗagawa sama sa'ad da yake wannan magana. Fassarar farko ta cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa ta fito a 1932, kuma babban wanda ya sha wahalarta, Dokta Walter Miller na Zariya, likita ne. Waɗanda suka kawo mana bishara su suka gina asibitin Vom, da na Garkida, da Jankwano a Jos, da na Galmi a Nijar. Iyayenmu sun yi addu'a a bakin ƙofar ɗakin tiyata, ba wanda ya kira su marasa bangaskiya. Yau wani ya yi hayar shago, ya sayi lasifika, ya zo yana gaya wa matan Zumunta cewa ƙwaya abincin aljani ce.

Kin kuma lura da dabarar? In mara lafiya ya ɗan natsu, addu'ar malam ce ta ci. In ya rikice, aljani ne ke fita, a ƙara kwana bakwai. In abin ya kai ga rasa rai, sai a ce dangi ne ba su da bangaskiya, ko akwai zunubin da aka ɓoye. Ta kowace ƙofa aka bi malam ba ya faɗuwa, iyali ne ke kwasar asara da kunya. Ki tambaye shi ko yana ce wa mai ciwon suga ya bar allurarsa, ko shi in zazzaɓi ya kama ɗansa azumi yake sa shi. Ƙwaƙwalwa ma gaɓa ce a jiki kamar hanta da ƙoda, tana ciwo, tana kuma jin magani. Na taɓa zuwa jana'izar wani saurayi mai farfaɗiya da aka karɓe wa magani a wajen addu'ar dare, ciwon ya tashi bai sake shi ba. Wanda ya karɓe maganin bai zo ko gaisuwa ba. Uwar ce har yau take tambayata ko laifinta ne.

Almajirai ma sun yi irin wannan tunani da suka ga makahon nan na Yahaya 9, suka tambaya zunubin wa ne, nasa ko na iyayensa. Yesu ya ce ba ko ɗaya. Abokan Ayuba kuwa, kwana bakwai da suka zauna da shi ba su ce uffan ba, shi ne aikin kirkin da suka yi masa. Da suka buɗe baki suna bayyana dalilin wahalarsa, a ƙarshen littafin Allah ya ce ba su faɗi gaskiya game da shi Allah ba. Wannan nake fara koya wa 'yan ajina kafin komai.

Ke kuma, kada ki kashe kanki da zargi. Kin yi kuskure, amma ƙauna ce ta sa, kuma wanda kika amince da shi ne ya ɓatar da ke. In ƙanwarki ta dawo hayyacinta ki nemi gafararta da bakinki, ki ce mata shan maganinta ba zunubi ba ne, don wataƙila maganarki ta zauna mata a zuciya fiye da ta likita. Ku ci gaba da addu'a tare, da safe ta sha ƙwayarta ku durƙusa.

Batun ajin kuma, ki bar shi, kuɗin da kika biya ki ɗauka ya tafi. Ki kai maganar gaban fastonku da dattawa, domin sauran matan da kuke zama tare a benci ɗaya su ma suna da marasa lafiya a gida. Kada wannan ya kashe miki sha'awar karatu, ikkilisiya na bukatar mata irinki. Ki tambayi ofishin gundumar ikkilisiyarku wane aji suka sani suka kuma amince da shi. Akwai tsarin TEE da ake karatun tauhidi daga gida ana haɗuwa lokaci lokaci, akwai makarantun Baibul na Hausa, ga kuma manyan makarantun tauhidi irin su TCNN a Bukuru, JETS a Jos, ta ikkilisiyar ECWA a Kagoro, da Kulp ta ikkilisiyar EYN a Kwarhi. Duk inda za ki shiga, ki tambaya wace ikkilisiya ce ke kula da wurin, ina malamin ya yi karatu, wa zai tsawata masa in ya kauce. In aka yi fushi da tambayar, kin samu amsa.

Ki kuma sani ko a aji mai kyau, takardar wata shida ba ta mai da mutum likita. Abin da take koya miki shi ne saurare, da riƙe asiri, kada damuwar da aka faɗa miki a ɗaki ta zama roƙon addu'a a taron Zumunta, da gane lokacin da abu ya fi ƙarfinki. Wanda ya kwana uku ba barci, ko yake jin muryoyi, ko ya ambaci kashe kansa, ko mai jegon da ta rikice bayan haihuwa, waɗannan ki yi musu addu'a a cikin mota kuna hanyar asibiti.

Ki rubuto mini bayan kun ga likita, ina so in ji yadda ta kwana.