Amsa ga mai tambaya kan ɓarawon da ya hauro katanga

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce sata da makami ta yi yawa a unguwarku, kana son sanin in ɓarawo ya hauro maka da dare ka sare shi, ko za a ɗaure ka. Na daɗe cikin sintirin unguwa a nan Maradi, na kuma raka mutane komisariya, wato ofishin 'yan sanda, kan irin wannan, to ga abin da na sani.

Dokar hukunta laifuka ta Nijar, wadda aka kafa tun 1961, ta yarda mutum ya kare kansa ko waninsa. Ta ma ware hali biyu musamman: wanda ya tare mai haura katanga ko fasa ƙofar gidan da ake zaune a ciki da dare, da wanda ya kare kansa daga masu fashi da ƙarfi. A nan doka tana bayanka. Addini ma haka, hadisi ya inganta cewa wanda aka kashe wajen kare dukiyarsa ya yi shahada.

Amma ga inda na ga mutanen kirki sun faɗa rami. Wannan dama tana nan ne muddin haɗarin yana kanka. Da ɓarawo ya juya ya ruga, ko kun kama shi kun ɗaure, ta ƙare. Duk sandar da aka ƙara masa bayan haka, duka ne da gangan, in ya mutu kuwa maganar kisa ce. Na san wani magidanci da ya kama yaro da buhun gero, maƙwabta suka taru da ihun "ɓarawo!" suka yi ta jibgarsa har ya suma. Da jami'ai suka zo kowa ya watse, mai gidan kaɗai aka tafi da shi. Har yau abin yana ci mini rai, don shi bai ɗaga hannu ba sai da farko.

Kuma ko kana da gaskiya, za a kira ka, za a yi bincike. Kar ka taɓa komai a wurin, kira 'yan sanda a lamba 17, ka sanar da mai unguwa, in an ji wa mutumin rauni a kai shi likita.

Bindiga kuwa, kar wanda ya ruɗe ka. Riƙe ta ba takardar izini laifi ne mai zaman kansa, ko ba ka harba ba. Na san 'yan'uwanmu na Madarunfa, Gabi da Gidan Rumji da ɓarayin shanu da masu satar mutane suka addaba suna cikin wani hali dabam, ban raina kukansu ba. Mu na cikin gari, fitila a ƙofar gida, ƙyaure mai ƙarfi, usur, da lambobin wayar maƙwabta a hannun uwargida sun fi korar ɓarawo. Ku haɗa kuɗin mai gadi, ku kuma sanar da komisariya sunayen masu sintirinku kafin su fara fita.