Idan aka cire cibiyar ƙwayar halitta, nan take take mutuwa?

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a sashen nazarin halittu. An koya mana cewa cibiya ce ke juya komai a ƙwayar halitta, sai kuma na karanta wata halitta ta ci gaba da girma bayan an cire mata ita. Jarrabawa ta matso, kaina ya ɗaure. Wanne zan rubuta?

Amsa: Kwantar da hankalinki, 'yata, duka biyun gaskiya ne. Abin da kika karanta aikin Joachim Hämmerling ne, wani Bajamushe, a shekarun 1930, kan Acetabularia, tsiron teku mai kama da 'yar laima. Ƙwaya ɗaya ce tal, amma takan yi tsawon yatsa, cibiyarta na can gindi. Da ya yanke gindin, karan ya ci gaba har ya yi hula, domin cibiya ta riga ta tura saƙonnin RNA, sinadarin da ke ɗauke da umarninta, cikin saitofilazim, wato ruwan ƙwayar da ke kewaye da cibiya, suna nan a ajiye. Da ya dasa karan wani jinsi a gindin wani, hular farko ta fito ruwa biyu. Ya sare ta, ta biyun ta fito sak irin ta mai gindin. Shi ma saitofilazim yana da ta cewa: shi ke ƙera furotin ɗin da ke komawa cikin cibiya, kuma cibiyar ba ta fara rabuwa sai hula ta nuna. Ki rubuta cewa juna suke yi wa aiki.

Amma ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, har a bakin ɗalibanmu: wai ƙwayar cuta duk ɗaya ce. Ba ɗaya ba ce! Plasmodium mai kawo zazzaɓin cizon sauro tana da cibiya kamar ƙwayoyin jikinmu. Bakteriya ba ta da ita, ganuwa gare ta a waje, kuma wannan ganuwar ce maganin kafso na amoxicillin ke rushewa. To me zai rushe a jikin Plasmodium? Kullum sai uwa ta kai yaro kemis jiki rau, mai kemis ɗin da bai taɓa leƙa madubin awo ba ya ce "maleriya da taifot", ya ƙulla mata kafso a leda, babu gwaji. Kwana uku ana ɗura wa yaro, ƙwayar na cinye masa jini, sai ya fara jijjiga a kwaso shi asibiti. Ku da kuka karanta, in kun ga haka a gida kada ku yi shiru: a yi gwajin jini, in maleriya ce a ba shi ACT, wato haɗaɗɗen maganin maleriya, ya shanye har ƙarshe.