Amsa ga 'yar'uwa da kantinsu ya karye a Marwa

'Yar'uwa, sannu da haƙuri. Kin ce kotu ta rushe kamfanin da kike wa tsaron kanti shekara 8, kuna bin albashin wata uku, maigida kuma sai "ku dakata" yake ce muku. To, ki daina jiransa. Da zarar kotu ta yanke wannan hukunci dukiyar ta fita daga hannunsa, ta koma hannun sindik, wakilin da kotu ta naɗa ya sayar da kaya ya biya masu bin bashi. Na yi aikin sito a wani kanti a Garwa da ya karye haka, waɗanda suka zauna jiran alkawarin maigida su suka fi shan wuya.

Ki rubuta abin da kike bi, ki kai wa sindik, ki karɓi shaidar ya karɓa. Dokar karyewar kamfani ta OHADA (ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci ta ƙasashen Afirka) da aka sabunta a 2015, wadda Kamaru da Chadi ke aiki da ita, ta ba masu bin bashi kwana 60 bayan sanarwar hukuncin ta biyu a jarida su kai buƙatarsu. Wa ke karanta shafin sanarwar nan? Gara ki je ofishin magatakardan kotu ki tambayi sunan sindik da ranar.

Kada ki rubuta albashi kawai. Akwai kuɗin hutun da ba ki ci ba, kuɗin notis, da kuɗin sallama. Wannan na ƙarshen shi mutane ke bari a ƙasa. A Kamaru wanda ya cika shekara 2 yana da shi: kashi 20 cikin ɗari na matsakaicin albashin wata a kan kowace shekara cikin biyar na farko, kashi 25 daga ta 6 zuwa ta 10. In albashinki sefa 100,000 ne, shekara 8 ta ba ki 175,000. Kuma dokar ƙwadago ta 1992 ta sa kason albashin da doka ta hana a ƙwace wa ma'aikaci saboda bashi gaba da sauran basussuka, ko da banki na cikin layi.

In an miƙo miki takardar cewa ke kika ajiye aiki don kanki, kada ki sa hannu, ko da an haɗa da 'yan kuɗin cefane. Kuɗin sallamarki ake so a binne. Haka nan kada ku kwashi kayan kanti da sunan fanshe haƙƙi. Na ga wanda hakan ya kai gaban jandarma.

Ku je wurin sufeton ƙwadago a ƙungiyance, da wakilin ma'aikata in kuna da shi, ku riƙe takardun albashi da kwantiragi. In sulhu ya ƙi, zai ba ku takardar zuwa kotu, shari'ar ƙwadago kuwa kyauta ce. Ki leƙa CNPS, asusun fanshon ma'aikata, ma ki ga ko ana zuba kuɗin da ake yanka miki, ki kuma nemi takardar shaidar aiki tun ba a kulle ofis ba.