Wane folish da wane soso zan sa wa injin goge mota?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da wurin wankin mota a Birnin Kebbi. Kwanan nan na tara kuɗi na sayi injin goge fenti, irin mai juyi ɗaya da ake kira rotari, tare da sosonsa na ulu da gwangwanin folish na G3. Na gwada shi a kan baƙar Honda Accord ta wani kwastomana. A ƙarƙashin rumfa ta yi ƙyalli har ina ganin fuskata, amma da aka fito da ita rana sai ga zagaye-zagaye a duk jikinta, kamar an shafa mata mai da hannu. Mai motar bai ji daɗi ba. Wane folish ne ya fi kyau in saya, kuma wane soso? Ko injin ne ba shi da kyau?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sa wa sana'a albarka. Injinka lafiyarsa ƙalau, G3 ɗin ma ba shi da laifi. Matsalar ita ce ka fara da kayan da suka fi kowanne ci a kan fenti mai taushi, sannan ka tsaya a rabin aiki. Motar za ta gyaru in Allah ya yarda, amma kafin ka je kasuwa ka fahimci abin da injin nan yake yi.

Abin da muke kira goge mota, kankara ce. Ba wani abu kake ɗorawa a kan fenti ba, ragewa kake yi har saman ya daidaita da gindin karcen. Fentin kamfani hawa uku ne: shimfiɗar ƙasa da ke kama ƙarfe, sai launin, sai fatar sama mai garai-garai kamar gilashi, wadda masu fenti ke kira kiliya. Kaurin duka ukun bai cika wuce maikiron 100 zuwa 150 ba (maikiron dubu ne ke yin milimita ɗaya), kiliyar kaɗai kuwa tsakanin 35 da 50 take. Silin gashin kanka yana kai wajen 70. To a cikin wannan 'yar fatar da ba ta kai gashi ba kake aiki, kuma ita ce ke tare wa launin zafin rana. Kai ma ka san ranar Kebbi a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Duk abin da ka kankare ba ya dawowa. Shi ya sa ba zan ce maka ga folish ɗaya da ya fi kowanne ba. Fentin da ke gabanka ne zai gaya maka abin da yake buƙata, kuma mafi kyau shi ne wanda ya cire aibin da ƙaramar ɓarna.

Kafin ka jona inji, wanke motar tas, ka shanya ta, ka fito da ita rana ka duba. Bi karcen da farcenka. In farce ya maƙale, ya yi zurfin da folish ba zai cire shi ba. Ka rage masa kaifi kawai ka gaya wa mai motar gaskiya. In ka ga rufi ko bonet ya yi fari-fari yana saɓulewa kamar fatar da ta ƙone, kiliyar ce ta mutu, wannan aikin mai fenti ne, kada ka karɓi kuɗin kowa a kai. Sannan ka ɗiga folish kaɗan a farin ƙyalle ka murza wani ɓoyayyen wuri. In launin motar ya fito a ƙyallen, fentin ba shi da kiliya, irin na tsofaffin Peugeot 504 da motocin haya da yawa da aka sake fesawa. Irin wannan yana gyaruwa da kyau, sai dai yana cika soso da launi nan da nan.

Magungunan gugar kashi uku ne: mai ci sosai, wanda ake kira kwamfawun, sai matsakaici, sai na gamawa mai laushi. G3 na kamfanin Farécla da ka saya kwamfawun ne, an yi shi ne don masu fenti su cire sawun samfefa bayan feshi, kuma irin na gwangwani yana son a riƙa yayyafa masa ruwa. Ƙaninsa na gamawa shi ne G10. A kayan Menzerna lamba ce ke magana: 400 mai ci ne, 2500 matsakaici, 3800 na gamawa. Meguiar's suna da 105 mai ci da 205 na gamawa. Na 3M kuwa murfin kwalbar za ka duba, kore mai ci, rawaya matsakaici, shuɗi na cire irin zagayen da ya dame ka. Ba sai ka tara su duka ba. Ɗauki na kamfani ɗaya, ka sayi mai ci da na gamawa, ka saba da halinsu. In da hali ka ƙara matsakaici, domin a wurin wanki irin naka shi za ka fi amfani da shi.

Soso kuma shi ne rabin aikin, kuma shi aka fi rainawa. Na ulu ya fi kowanne ci, yana sauri, amma a kan rotari dole ya bar sawu, musamman a baƙar mota. Akwai na ƙyallen maikurofaiba, shi ma mai ci ne, ya fi dacewa da inji mai juyi biyu, wato wanda ke zagayawa yana karkarwa. Sai na kumfa, wanda ke da mai tauri, matsakaici da mai laushi. Kada launinsa ya ruɗe ka, kowane kamfani da tsarinsa: rawayan wani na ci ne, rawayan wani na gogewa. Danna shi da babban yatsa. Wanda ya turje maka ci zai yi, wanda ya lotsa kamar burodi na gamawa ne. Folish guda sai ya ba ka aiki iri biyu in ka canza masa soso, don haka kafin ka koma kwalba mai ƙarfi, fara canza soson tukuna. Ka nemi na inci 5 ko 6, sun fi sauƙin riƙewa a kan manyan na inci 7 da kan zo da inji, da ƙarami na inci 3 don bamba da ginshiƙan ƙofa. Faifan da soson ke mannewa a kai kada ya fi soson faɗi, gefensa zai yanki fenti.

Yanzu ga abin da nake so ka riƙe ko da ka manta sauran. Kowace mota, ware wuri kamar santimita 40 a kan 40 a bonet da tef ɗin takarda na masu fenti. Fara da na gamawa a soso matsakaici, ɗigo uku ko huɗu girman ƙwayar wake. Baza shi da ƙaramin gudu, sannan ka ɗaga zuwa juyi 1200 ko 1500 a minti, soso a kwance, hannu na tafiya a hankali ba tsayawa, ka rage gudu ka gama. Goge, ka shafa sifirit da aka sirka da ruwa, ka haska da tocila ko ka tura ta rana. Sifirit ɗin yana wanke man da ke cike karce ya ɓoye shi. Wasu folish masu arha man ne kawai, wanki biyu komai ya dawo. In gwajin ya yi, to da shi za ka gama motar. In bai yi ba ka hau mataki ɗaya, ba biyu ba. Galibi fentin Honda da Toyota taushi ne da shi, matsakaici ya ishe shi. Na Mercedes da Volkswagen ya fi tauri, yana iya neman kwamfawun. Amma motoci nawa ne a titunanmu suke da fentin kamfani har yanzu? Mota guda sai ka samu ƙofa ɗaya an fesa ta a Kwatano, madigadi a Sakkwato, kowanne da halinsa.

Ina yaron gareji aka ba ni wata jar mota in goge. Ban san an taɓa fesa ƙofar baya ba. Na kai soson ulu kan tudun layin ƙofar, ban fi ƙiftawar ido ba, sai ga toka-tokar shimfiɗar ƙasa ta leƙo, tsawon ɗan yatsa. Maigidana bai yi faɗa ba. Ya kama hannuna ya ɗora a wurin, na ji zafi kamar murfin tukunya, ya ce in je in haɗa fenti. Ƙofar gaba ɗaya muka sake fesawa da kuɗinmu. Tun ranar nake rufe gefuna da tudun layi da tef, domin nan fenti ya fi siranta. Bamba ma a yi hattara, roba ba ta watsa zafi kamar ƙarfe.

Ina roƙonka kada ka bari yaranka su ɗaura soso a injin yankan ƙarfe na masu walda. Ƙaraminsa yana juyi sama da 10,000 a minti, fenti ba ya ɗaukar haka. In za ka ƙara inji nan gaba, sayi mai juyi biyu, wanda ke zagayawa yana karkarwa. Ba shi da saurin rotari, amma da wuya ya ƙona fenti, kuma ba ya barin zagaye.

Yanayinmu ma yana da hannu a zaɓin. A rana folish yana bushewa kafin ya yi aiki, ya zama gari. Yi aikin a inuwa, da sassafe, jikin mota da sanyi. In bayan hannunka bai jure ƙarfen ba, jira. Da hunturu kuwa ƙura ce abokiyar gaba. Ƙwayar yashi ɗaya a soso ta isa ta zane bonet gaba ɗaya. Yayyafa ruwa a ƙasan rumfa, kada ka ajiye inji da sosonsa a ƙasa, ka adana sosuna a leda. Mota ɗaya tana cin soso huɗu ko biyar, domin wanda ya jiƙe da magani ya daina ci sai zafi. Bayan kowane yanki ka karkaɗe shi da burushi.

Ita baƙar Hondar, kira mai ita ka ce ya kawo ta ka ƙarasa masa kyauta. Kada ka sake kusantar ta da ulu ko G3, ka riga ka ci abin da za ka ci. Soson kumfa mai laushi da folish na gamawa, gudu kusan 1000, ba dannawa, yanki-yanki kana dubawa a rana. In zagayen ya ƙi fita, koma soso matsakaici sau ɗaya, ka sake gamawa da mai laushin. Daga nan ka shafa mata waks, wato kakin da ke rufe fenti, domin folish ba ya kare fenti. Ka kuma ja kunnen mai motar a kan busasshen tsumman da ake share mata ƙura da shi kowace safiya, da omon da ake wanke ta da shi. Tsumman ke zana mata saƙar gizo, omon kuma ya wanke waks ɗin da ka shafa.