Fot ɗin swic ya ƙi wuce 100 Mbps

Malam, ka ce swic ɗinka na Cisco (na'urar da ke haɗa kwamfutoci a netwok) mai gigabit ne, wato gudun 1000 Mbps, amma kwamfutar ofis 100 kawai take nunawa ko? To kafin ka taɓa saitin komai fara duba kebul ɗin tukunna. Gigabit sai duka wayoyi 8 na ciki suna aiki, 100 kuwa 4 sun ishe shi, shi ya sa in an matse kan kebul ba daidai ba sai ya sauko shiru ba ko gargaɗi, kuma wallahi yawancin masu haɗa mana kebul a garin nan sauri suke yi. Samo kebul nau'in Cat6 mai kyau a kasuwar Farm Centre ta Kano ka gwada, kar tsawonsa ya wuce mita 100.

In kebul lafiya lau ne, shiga swic ɗin ta PuTTY (manhajar da ake ba shi umarni da ita daga kwamfuta) ka buga show interfaces status ka gani ko wani ya ƙulle fot ɗin (ramin da aka sa kebul ɗin) a 100. Sai configure terminal, ka shiga fot ɗin, ka sa speed auto da duplex auto. Ita ma kwamfutar barta a auto, in ɓangare ɗaya kaɗai ka ƙulle matsalar duplex (saitin aikawa da karɓar bayanai a lokaci ɗaya) za ka jawo.

Kar ka manta buga write memory don adana saitin fa, in ba haka ba ana ɗauke wuta saitin ya tafi.