Amsa ga ɗan ƙanena game da kalmar "zindiƙi"

Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Ka tambaye ni asalin kalmar "zindiƙi" da samari suke jifan duk wanda ya ce babu Allah da ita, da kuma ko haka magabatanmu suke amfani da ita.

Larabawan da muka aro ta daga wurinsu su ma arowa suka yi daga Farisa. Littafin Majusawa sunansa Abesta, sharhinsa kuma Zand, shi ya sa yawancin masana suke ganin "zandik" shi ne wanda ya saki nassi ya kama fassarar kansa. Limaman Majusawa ne suka laƙaba wa mabiyan Mani, wani mutum da ya kafa sabon addini a daular Farisa, wannan suna, shi kuwa Mani a kurkukun Sarkin Farisa Bahram na Ɗaya ya mutu, wajen shekarar 276 Miladiyya. Mutanensa ba su taɓa cewa babu Ubangiji ba, sun dai yi imani da cewa haske da duhu ne tushen komai.

Kalmar ta yi kaifi ne a zamanin Abbasiyawa. Halifa Mahadi, wanda ya yi mulki daga 775 zuwa 785, ya naɗa jami'i musamman domin farautar zindiƙai, kuma a zamaninsa aka yi wa makahon mawaƙin nan Bashar ɗan Burdu bulala har ya mutu, alhali masana tarihi da dama suna ganin zambon da ya yi wa waziri Yaƙubu ɗan Dawuda ne ya jawo masa. Wannan shi ne abin da yake damuna da ita, domin tun can mai iko yana rufe ƙiyayyarsa da ita.

Mu kuwa a zauren karatu muka tsince ta. Risala ta Ibn Abi Zaid ta ce zindiƙi shi ne mai ɓoye kafirci yana bayyana Musulunci, ka ga ke nan wanda ya fito fili ya musanta samuwar Allah ba shi ake nufi ba, shi malamai "mulhidi" suke ce masa. Da yake hukuncin zindiƙi a fiƙihun Malikiyya ya shafi rai, dattawanmu sun bar kalmar a bakin alƙali, ba su furta ta a kasuwa ko wurin faɗa. Sun kuma san hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito, cewa wanda ya kira ɗan'uwansa kafiri, maganar za ta koma kan ɗayansu.

Ka gaishe mini da mahaifiyarka.